Angurya a Cikin Lifidi

Ƙarar adaka ce ta tsinka shirun hantsi, har tattabarun gidan Malam Bala Mai Lifidi suka watse daga kan katanga. Jannatu ta dafe ƙirji, saura ƙiris ƙwaryar dusar da ke hannunta ta kife. Dokin da aka harba bindigar a gefen kunnensa kuwa ko gezau. Kunne ɗaya kawai ya karkaɗa, ya ci gaba da tauna harawarsa.

"Kin gani ko?" in ji Muttaka yana dariya, hayaƙin albarushi na fita daga bakin bindigar. "Wata uku da suka wuce, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai Akawali ya tumɓuke turke."

Ba ta taya shi dariyar ba. Tun asuba gabanta yake faɗuwa, ta rasa dalili.

Wanda bai san zancen ba, bari ya ji. Muttaka ɗan masunta ne gaba da baya, bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Haɗeja. Shekara biyu ke nan yana neman Jannatu, malamar firamare, ƴar auta a gidan da tun kaka da kakanni ba su san komai ba sai doki da kayan doki. Sau uku magabatansa suna sallama a zauren Malam Bala, sau uku suna komawa da goronsu. Maganar tsohon ɗaya ce, wai shi ba zai haɗa jini da wanda bai san gaban sirdi da bayansa ba.

Ana nan sai wata ƙungiyar matasa masu raya tarihi ta zo masa da aiki. Suna so su kwaikwayi yadda mayaƙan da suke ƙetare kogi su tari mahara, a ɗauka a fim, a ajiye wa na baya. Suna neman lifidi cikakke, irin rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga don tare kibiya, na doki da na mahayi, ga kuma jarumin da zai shiga gaba. A gaban kowa Malam Bala ya nuna baƙin dokinsa da ya gagari mahaya, ya ce cikin gatse, "Ga doki, lifidi kuma ni zan ɗinka. In ɗan masunta ya hore shi, ya ƙetare ruwa a kansa ana harbi, ya turo magabatansa, na ba shi."

Zaure ya ɗauki dariya. Muttaka ya durƙusa ya ce, "Na karɓa, Baba."

Kai, yaron nan ya sha wuya! Sati biyu ya yi yana zama gindin turke ba ya komai, don dai dokin ya saba da warinsa. Daga nan ya fara ɗora masa buhu, ya koma bargo, ya koma buhunan ƙaiƙayi har suna taɓa gwiwa. Ya kaɗa masa ganga, ya turara masa hayaƙin tsumma, ya wulwula masa mashi a gaban ido. Akawali ya kayar da shi ya fi a ƙirga, ya cije shi a kafaɗa, tabon yana nan. Kullum da safe kuma sai kogi, har dokin ya iya iyo. Abu ɗaya ne kawai bai taɓa hawa jikinsa ba, shi ne lifidin kansa. Malam Bala ya ce ba za a fito da shi ba sai ranar gwaji, ranar kuwa yau ce, bayan la'asar.

Jannatu ta ajiye ƙwaryar, ta tsaya nesa kaɗan saboda idon mutane.

"Muttaka, ni fa jikina bai ba ni ba."

"Haba malama. Yau da za ki yi min addu'a?"

"Addu'ar nake yi tun jiya. Amma na ji mata a makaranta suna cewa kogi ya ƙaru."

Ya ɗan sosa ƙeya.

"Ya ƙaru. An sako ruwa daga dam saboda masu noman rani. Ɗazu na bi ta mashigin da jirgi, na soka gora, sai da ta kusa shanyewa. Tsakiya dole Akawali ya yi iyo."

"Innalillahi! Da lifidi a jikinku?"

"Ke ƴar gidan lifidi ce kike wannan maganar? Ba da audugar rimi ake cusawa ba? Rimi ai ba ta shan ruwa. Mu masunta mun san ta, ko matashin rimi kika jefa a kogi sai ya yi ta yawo a sama. Taimakona ma za ta yi."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Amma hawayen da take riƙewa sai da suka zubo.

"Ka haƙura mana. Mu nemi wata hanyar, ko kawunnaina su sa baki."

"Wace hanyar ce ba mu bi ba?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Jannatu, shekara biyu ina wucewa ta ƙofar gidan nan kaina a sunkuye. An kira ni mai ƙarni, na shanye. An ce kakana bai taɓa riƙe linzami ba, na shanye. Yau kaɗai nake da ita. In na ƙetare, mahaifinki dattijo ne, ba zai ci maganarsa ba."

"In kuma wani abu ya same ka fa? Ni in yi yaya?"

"Babu abin da zai same ni sai alheri. Share hawayenki, kar Inna ta gani."

Inna kuwa ta riga ta gani. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa, Jannatu na shigowa ta tare ta ba tare da ta ɗago ba.

"An je an yi kukan ko? Ni dai ban san me kika gani a yaron nan ba. Ga yayanki Usaini, ɗan wan ubanki, ya tashi a gidan nan, shi ke riƙe da sana'ar gida tunda idon Malam ya yi rauni. Tuwona maina, ba wanda zai ji kanku. Kin ƙi."

"Inna, Yaya Usaini yayana ne."

"Yayan naki na son ki, haramun ne? Duk ƙannen bayanki a unguwa sun yi aure, ke kina nan kina jiran mai kifi ya zama barde. To ki ji, in yau ya faɗi, ba na son in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Jannatu ta wuce ɗaki. Ta san in ta tanka, zancen sai ya kai magariba.

Bayan azahar Usaini ya tsayar da a-daidaita-sahu a ƙofar gida, ya fara fitar da lifidin. Dogo ne, mai fara'ar da ba ta kaiwa ido. Ya loda na jikin doki, ya loda rigar mahayi da kwalkwali. Da ya ɗago na wuyan doki sai ya ga ɗinkin gefe ya ɗan buɗe, ya miƙa mata.

"Ƙanwata, kama min nan da basilla, a kawo daga baya. Kwalliya ce kawai, ko babu shi za a yi." Ya yi murmushi. "Ki yi wa angon naki aiki mai kyau."

Ta karɓa ba ta kalle shi ba.

Tana ɗora shi a cinya ta ji wani iri. Tun tana shekara bakwai take taya Baba cusa lifidi, hannunta ya san rimi kamar yadda ya san tuwo. Rimi laushi gare ta, in ka matsa sai ta dawo. Wannan kuwa ya dunƙule, ga nauyi. Ta soka basilla, sai ta ji ta tokari wani abu mai tauri. Ta sa yatsa ta zaƙulo.

Angurya ce, ƙwayar audugar gona.

Ta farke ɗinkin gaba ɗaya. Sama-sama rimi ce, an shimfiɗa ta siririya don hannu ya ruɗu. Ƙarƙashi kuwa audugar gona ce danƙare, har da yankakkun tsummoki. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta jefa rimin, ta jefa audugar. Rimin ta tsaya a sama tana juyi. Audugar ta tsotsi ruwa, ta yi duhu, ta sulale ƙasa.

Lissafin bai yi mata wuya ba. In guntun da bai kai tafin hannu ba ya sha ruwa haka, ina ga rigar da ta rufe doki daga ƙirji har gwiwa? Ina ga ta mahayi, wadda ake ɗaurewa ta baya, mutum ba ya iya cire ta shi kaɗai?

Da ƙwaryar a hannu ta faɗa zaure. Malam Bala yana zaune kan buzu, ƙafarsa mai ciwon gwiwa a miƙe, yana jan carbi. Ta zube a gabansa.

"Baba, an cuce ka! An ɓata maka aiki. Dubi abin da Yaya Usaini ya cusa a lifidin nan."

Tsohon ya kalli ƙwaryar. Bai matso da ita kusa da ido ba, bai sa hannu ba. Ya ja carbinsa ɗaya, biyu.

"Na sani."

Wallahi da mari ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta ɗago tana kallonsa, bakinta a buɗe.

"Ni na ce ya sa," in ji shi. "Rufe bakinki, ba kisa na shirya ba, ni musulmi ne. Ruwan wurin iya gwiwar doki ne, da sandata na auna. Lifidi zai jiƙe daga ƙasa, ya yi nauyi, doki ya turje ya zubar da shi a taɓo. A yi dariya, kowa ya kama gabansa. Na yi magana a gaban mutane, ban zaci zai hore dokin ba. Ya kike so in yi, in miƙa ki gidan ƙarni ina ji ina gani?"

"Baba, yaushe ka auna?"

"Sati uku ke nan. Har turke na kafa a bakin ruwan."

"An sako ruwa, Baba! Gora tana shanyewa a wurin. Iyo za su yi!"

"Ƙarya ne. Jiya-jiya Usaini ya je, ya ce min yana nan yadda na bar shi."

"Yaya Usaini ne ya faɗa maka?"

Carbin ya tsaya. Ta ga maganar ta shige shi, ta kuma ga ya ture ta da ƙarfi, irin na mutumin da bai saba a gyara masa zance ba.

"Yaron da na raina ba zai yi min ƙarya ba. Saurayinki ne ya ji tsoro yake neman hanyar zillewa. Kuma ki ji da kyau, Jannatu. In maganar nan ta fita waje, shekara hamsin da na yi ina riƙe da basilla ta tashi a banza. Ba wanda zai ƙara sallama a zauren nan. Ki zaɓa."

Ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa.

"Baba, don girman Allah! Ka hana shi ni, na yarda. Ka ba wanda kake so, na yarda. Amma rai ne, Baba. Uwarsa shi kaɗai gare ta namiji."

Ya janye ƙafarsa, ya kau da kai. Daga masallacin unguwa aka kira la'asar.

Ta koma ɗaki da gudu ta ɗauki waya ta kira Muttaka. Sau biyu tana ƙara ba a ɗauka ba. A na uku aka ɗaga, ta ji ganguna da hayaniya.

"Muttaka, kar ka hau, ka ji ni, kar ka..."

"Ƙanwata ce?" Muryar Usaini ce, a sanyaye. "Lifidi ai ba shi da aljihu, ya ba ni ajiyar wayar. Yanzu na gama ɗaure shi da hannuna. Akwai saƙo?"

Ta kashe. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, silifas ɗin Inna ta zura, ta figi hijabi. Inna na kiran sunanta, ba ta waiwaya ba. A bakin titi ta tare ɗan acaɓa, abin da rabonta da yi tun tana ɗaliba.

"Bakin kogi, wajen da ake fim. Don Allah ka yi sauri."

Suka bar gari, suka ratsa gonakin shinkafa. Ko'ina ta duba ruwa ne kwance a inda makon jiya busasshiyar ƙasa ce, ciyawar kacalla ta nutse har wuya. Ta rufe ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Bakin kogin ya cika maƙil. Masu ganga, masu adaka, masu ɗaukar hoto, mata da yara kan tudu. Mahaya goma sha wani abu sun jeru a baya, kowa da mashi a hannu, su aikinsu ya tsaya a gaɓa. A gabansu ga Akawali, an rufe shi ruf da lifidi ja da baƙi, ido da ƙafafu kawai ake gani. Bai turje ba, bai yi haniniya ba, ya tsaya cak. A kansa Muttaka ne, da kwalkwali da takobi. Ba don ta san zamansa ba da ba ta gane shi ba. Ya yi kyau, kyawun da ya ƙara tsinka mata zuciya.

Ta kutsa cikin maza, ba ta ji kunyar kowa ba, ta kama linzamin.

"Jannatu? Lafiya?"

"Sauka." Ta ƙanƙame linzamin. "Ba rimi ba ce. Audugar gona ce da tsumma, na farke na gani. Sauka, Muttaka, zai ja ku ƙasa."

Ya matsa hannun rigar da yatsunsa. Ta ga fuskarsa ta sauya. Ya hango Usaini can gefe, hannu a aljihu, ya dawo da idonsa kanta. Ya sunkuyo, ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Baba ya sani?"

Ta so ta yi ƙarya, Allah ya sani ta so. Harshenta ya ƙi. Hawayenta ne suka ba shi amsa.

Ya gyara zama a kan sirdi.

"To," ya ce. "In na sauka na ce tsoro na ji, na rasa ki. In na faɗi dalili, a nan za a farke lifidin, gaban jama'a, gaban na'urar ɗaukar hoto. Kafin magariba duk Haɗeja ta ji Malam Bala ya yi ha'inci a sana'arsa don ya halaka mutum. Za ki iya zama da wanda ya tozarta mahaifinki?"

"Zan iya zama da komai in kana raye! Ka rasa ni ɗin, na haƙura. Wallahi na haƙura."

"Ni ban haƙura ba."

"Muttaka..."

"Auduga ba ta jiƙewa lokaci ɗaya. Iyon bai fi taku ashirin ba, na san inda yashi ya taso ta can ɓangaren. A ruwan nan aka haife ni, Jannatu. In na yi sauri, za mu kai."

"In ba ku kai ba fa?"

Bai amsa ba. Shugaban ƙungiyar ya ƙaraso yana tafa hannu. "Malama, don Allah a ba mu wuri, rana na faɗuwa." Wasu mata biyu suka riƙo ta ta baya suna lallashi, a zatonsu shauƙi ne na budurwa. Muttaka ya sa hannu ya ɓamɓare yatsunta daga linzamin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, shi ne karo na farko da hannunsa ya taɓa nata.

"Ki yafe min," ya ce.

Ta buɗe baki za ta kwarma wa duniya gaskiya. Ta ja numfashi, maganar ta zo har maƙogwaro, sai fuskar Baba ta faɗo mata, da furfurarsa, da basillarsa. Daƙiƙa ɗaya ta yi jinkiri. Ɗaya tak! A cikinta aka ɗaga tuta, ganguna suka ɓarke, adaka goma suka tashi lokaci guda. Ihun da ta yi ko ita ba ta ji shi ba.

Akawali ya zabura ya faɗa ruwa. Jama'a suka ɗauki sowa.

A daidai nan a-daidaita-sahu ta tsaya a bayan taron. Malam Bala ya fito yana dogara sanda, yana ɗingishi, mutane na buɗa masa hanya. Bai kalli doki ba, bai kalli ƴarsa ba. Gaɓar yake bi da ido yana neman turken da ya kafa da hannunsa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya kama hannun wani masunci da ke kusa.

"Ina turken da ke bakin ruwan nan?"

"Ai Baba ya nutse tun shekaranjiya. Yana can, wajen da dokin ya kai yanzu."

Sandar ta suɓuce daga hannunsa.

Ruwan ya wuce gwiwar Akawali, ya wuce cikinsa, ya kai ƙirji. Jan lifidin yana komawa baƙi daga ƙasa zuwa sama. Dokin ya saki ƙasa ya fara iyo, taku uku, taku biyar, Muttaka ya kwanta a wuyansa yana yi masa magana. Sai bayan dokin ya fara yin ƙasa. Ya ɗaga hanci sama, ya yi wata irin haniniya da ta sa masu ganga suka tsaya da kansu.

"Ku tsayar da shi!" Malam Bala ne, da muryar da Jannatu ba ta taɓa jin ta a bakinsa ba. Ya yi gaba ba sanda, ya faɗi, ya miƙe, ya shiga ruwan da babbar rigarsa. "Masunta! Ina masunta? Ku kawo jirage! Auduga ce a ciki, ni na sa! Ni na sa, jama'a, ku ceto min yaron nan!"

Wurin ya hargitse. Maza suka ruga wajen jiragen da aka janye can nesa don kar su fito a hoto.

Jannatu ta fizge daga hannun matan, ta durƙushe a taɓo, idonta a tsakiyar kogi. Ta ga Muttaka ya zare takobi, maimakon igiyar rigarsa sai ya sunkuya yana yankan ta lifidin dokin. Ta kira sunansa har muryarta ta dushe. Ruwan ya rufe sirdi, ya rufe kafaɗarsa.

Jirgin farko bai ko bar gaɓa ba lokacin da kwalkwalin ya ɓace.